Mariƙin gaban bindiga: gajere ko dogo, Picatinny ko M-LOK?

Ɗan ƙanwata laftanar ne, kuma duk sanda ya samu hutu sai ya biyo ta gidana a Dogarawa kafin ya shiga cikin gari wajen mahaifiyarsa. A zuwansa na ƙarshe, ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba ya miƙo mini waya. Hoton wata bindiga ne da aka yi wa ado kamar dokin hawan Sallah: tocila a gefe, madubin saiti a sama, ƙota a ƙasa, ƙafafu biyu a gaba, ga wani ɗan akwatin leza ya hau wuyanta.

"Kawu, an ce kowannenmu ya rubuta ra'ayinsa a kan irin mariƙin da ya dace a nema wa bindigogin rukuninmu. Ni dai wannan mai inci 15 ya kwanta mini a rai."

Na ce, "Yallaɓai laftanar, yaranka awa nawa suke yi a tsaye a shinge, bindiga a hannu?"

Ya ce shida, wani lokaci takwas.

Na ce to ya ajiye wayar ya sha ruwa, maganar da tsawo.

Abin da muke magana a kai shi ne rigar da ke lulluɓe da bututun bindiga, inda hannun hagu ke kamawa. A bariki hangad ake ce masa, ni kuma a nan zan riƙa cewa mariƙin gaba. Lokacin da muka shiga makarantar kurata da ke barikin Chindit, aikinsa ɗaya ne tal, ya hana zafin bututu ƙona maka tafin hannu. Na AK-47 katako ne, na G3 da FN galibi roba. Ba wanda ya taɓa tambayar tsawonsa. Yau ya zama kamar kantar ɗaki, komai a kansa ake jerawa, shi ya sa tambaya ta kasu biyu: nawa ne tsawon da ya isa, kuma ta wace hanya za a ɗaura kaya a jikinsa.

Kafin in ci gaba, bari in rufe wata ƙofa. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa bindigogin yaƙi a rukunin haramtattu, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa ake riƙe su. Na farauta da na wasan harbi da na iska lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, bindigar toka kuma Kwamishinan 'yan sandan jiha. Shigo da kayan haɗin makamai daga waje ma sai da takardar shaida daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Sojan da aka ba bindigar aiki kuwa ba shi da ikon kwance ko noti ɗaya ya sauya da na kansa. Wannan aikin mai kula da ma'ajiyar makamai ne, da umarnin na sama. Don haka wannan bayani na masu kaki ne da ake neman shawararsu, da masu kula da makamai, da 'yan wasan harbi da mafarautan da takardunsu suka cika.

Mu fara da tsawo, don shi ne ya fi ruɗin matasa.

A bindigogi dangin AR-15, wato M16 da M4 da 'yan'uwansu, tsawon mariƙi na asali ya biyo inda ramin iskar harbi yake a jikin bututu, wato hujin da iskar da ke ɗana harsashi na gaba ke bi. Gajere inci 7 ne, kusan santimita 18, shi ne na M4 mai bututu inci 14.5. Matsakaici inci 9 ne, kusan santimita 23. Na M16 mai bututu inci 20 kuwa inci 12 ne. A da iyakar zaɓin ke nan, saboda hasumiyar saiti ta gaba tana tsaye a hanya, mariƙi ba ya iya wuce ta. Da aka fara ƙera ƙaramin mazaunin iska, wato ƙarfen da ke zaune a kan ramin nan, wanda ke ɓuya a cikin mariƙi, sai ƙofa ta buɗe, aka samu inci 13, da 15 a kan bututu inci 16, har ya zama ɗan baki kawai ke leƙowa.

Dogon yana da amfaninsa, ban musa wa yaron nan ba. Mai dogon hannu zai miƙa hannunsa gaba sosai, ya fi iya juya bakin bindiga daga wannan abin hari zuwa wancan ba tare da ta yi masa lilo ba. Tocila idan ta matsa kusa da baki, bututu ba ya yi mata inuwa. A kan gajeren mariƙi kuwa za ka ga wani yanki na hasken ya yi duhu, kuma a daidai wannan duhun ne mutum ke tsayawa. Ƙafafu biyu sun fi zama daram idan suna can gaba. In saitin ƙarfe kake amfani da shi, nisan da ke tsakanin na baya da na gaba yana ƙaruwa, kuskure ya ragu. Sannan idan ka jingina a kan buhun yashi ko katanga, mariƙi ne zai taɓa, ba bututu ba.

To amma nauyi fa? Nan ne hoto ba ya faɗin gaskiya. Ɗauki bokitin ruwa ka manna shi a cinyarka, sannan ka miƙe hannu da shi, ka ji bambanci alhali ruwan bai ƙaru ba. Giram 200 da ke santimita 30 gaba da hannunka yana jan wuyan hannu daidai da giram 400 da ke santimita 15. Dogon mariƙi shi kansa ya fi nauyi, kuma mugun halinsa shi ne yana gayyato kaya. Wuri in ya samu, sai a cika shi. Minti goma na farko a filin harbi ba ka jin komai. A awa ta biyar a kan hanyar Birnin Gwari, rana ta take, sulke a ƙirji, za ka ga bakin bindigar yaro yana kallon takalminsa.

Akwai kuma shiga da fita. Mutum takwas a bayan mota, kowa da bindigarsa tsakanin gwiwoyi, a yi kiran sauka cikin gaggawa: duk abin da ya yi tsini a gaba sai ya kama rigar wani ko ƙarfen mota. Haka a cikin sarƙaƙiya. Tocilar da ta kai daf da baki kuma hayaƙin harbi yana rufe mata gilashi da baƙi bayan 'yan harsasai kaɗan. Idan rukuni na amfani da banati, mariƙin da ya rufe bututu har baki ya kashe wannan maganar. Abin da ba a yi ko da wasa shi ne mariƙi ya kai bakin bututu ko ya wuce shi, domin wutar da ke fita za ta daki ƙarfen, kuma yatsu na iya kaiwa inda bai kamata ba. A bar aƙalla inci guda.

Hanyar da nake auna wa mutum ba ta buƙatar kwamfuta. Ya ɗauki bindiga yadda ya saba, ya rufe ido, ya ɗaga ta zuwa kafaɗa, ya bar hannun hagu ya sauka inda ransa ya so. A sa alama a wurin da alli. A ƙara faɗin abin da lallai sai an ɗaura a gaba da hannun, galibi tocila ce kawai. Inda lissafi ya tsaya, nan tsawon yake. Da muka gwada da sandar mofa a tsakar gida, laftanar ɗin nawa, wanda ba gajere ba ne, bai wuce inci 12 ba. Rabin yaransa ba su kai shi tsawo ba.

A ganina, ga bututu inci 14.5 ko 16, tsakanin inci 11 da 13 ya ishi kusan kowa. Inci 15 na mai harbin nesa ne da ke kwanciya da ƙafafu biyu, ko ɗan gasa da ke ɗaukar bindiga na minti biyu ya ajiye. Inci 7 zuwa 9 kuma ba abin kunya ba ne ga mai gadin ƙofa da direba.

Akwai abin da ya fi tsawo muhimmanci, amma ba a cika ganinsa a hoto ba: shin mariƙin yana taɓa bututu ko ba ya taɓawa? Tsohon salo ɓari biyu ne, ana maƙale shi tsakanin zobe a baya da wani murfi da ke zaune a jikin bututu. Yana da arha, ana cire shi da hannu a share a mayar. Matsalarsa, duk ƙarfin da ka sa masa yana tafiya kai tsaye ga bututu. Ka ja igiyar rataya da ƙarfi, ko ka danna a kan katanga, bututu ya ɗan karkata, abin da ido ba zai gani ba. A mita 50 ba komai. A mita 300 harsashi ya sauka wani wuri. Sabon salo a gindi kaɗai yake kamawa, bututu yana shawagi a ciki babu abin da ke taɓa shi. Ya fi tsada, sai mai kula da makamai da kayan aikinsa ne zai ɗaura, amma in za a sa ƙafafu biyu ko leza, shi ne kawai zaɓin da ke da ma'ana. Ɗaura leza a kan mariƙin da ke motsi kamar auna hatsi ne da mudu mai huji.

Yanzu hanyar ɗauri.

Picatinny shi ne babba, kuma sunan wata ma'aikatar makaman sojan Amurka ne a jihar New Jersey. A 1995 aka tsayar da ƙa'idarsa, MIL-STD-1913. Layi ne mai haƙora, faɗinsa milimita 21.2, kowane rami milimita 5.23, daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar na gaba kusan milimita 10. Alherin wannan tsayayyen awo shi ne madubin da aka ƙera a Jamus zai hau bindigar da aka ƙera a Foland ba gardama. Ƙungiyar NATO ta fitar da nata a 2009, STANAG 4694, kuma kayan Picatinny suna hawansa. Beryl M762 da sojojinmu suka karɓo daga Foland da irin wannan layi take zuwa. Yawancin kayansa da maƙalli ko babban noti suke, ka cire ka mayar cikin daƙiƙu, wasu ko sifana ba sa so. Ga madubin saiti, har gobe babu kamarsa, shi ya sa a galibin mariƙan zamani za ka tarar saman nan Picatinny ne.

Rigimar tana ga gefuna da ƙasa. Mariƙi mai layi huɗu, sama da ƙasa da dama da hagu, ƙarfi ne da shi kamar tabarya, amma kauri gare shi da nauyi, kuma haƙoran da ba ka ɗaura komai a kansu ba suna nan suna gurzar tafin hannu kamar magurjin rogo. Sai an saya musu murfin roba, kauri ya ƙaru. Mai ƙaramin hannu ba ya iya zagaye shi da yatsu. Cikin ramuka sittin ko fiye, wataƙila goma kake amfani da su, sauran dakonsu kawai kake yi.

Don maganin wannan aka fito da tsarin huji: jikin mariƙi sumul, sai ramuka, ka ɗaura abu a inda kake so kaɗai. KeyMod ya riga fitowa a 2012, daga kamfanonin VLTOR da Noveske, raminsa kamar na makullin ƙofa, kai mai faɗi da wutsiya siririya. M-LOK na kamfanin Magpul ya biyo a 2014, raminsa dogo mai kusurwa huɗu, milimita 32 a tsaye, 7 a faɗi. Notinsa yana da kai kamar harafin T: ya shiga a miƙe, in ka ɗaure ya juya ya gitta, ya kama ta ciki.

An yi 'yan shekaru ana ja-in-ja tsakanin biyun, har cibiyar gwajin sojan ruwan Amurka da ke Crane ta gwada su don rundunar ayyuka na musamman, sakamakon ya fito a 2017. Wajen jure harbi da wahalar hanya duka sun yi. Amma da aka yi ta jefar da bindigogi ƙasa, duk kayan M-LOK sun zauna, na KeyMod kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka tsira. Wajen cirewa a mayar a ga ko saiti ya dawo inda yake, da wajen ja har abu ya ɓalle, nan ma M-LOK ya yi gaba da nisa. Daga nan masu ƙera kaya suka juya wa KeyMod baya. Wanda yake da shi a hannu ba sai ya zubar ba, yana aiki. Amma rukunin da zai sayi sabo yau ya zaɓi KeyMod, ya sayi wahalar neman kaya nan da shekara biyar.

Saura Picatinny mai layi huɗu da M-LOK, kuma a nan ne ƙasarmu ke da bakin magana.

Zafi na farko. M-LOK siriri ne, alminiyam ɗinsa yana kusa da bututu, bayan ka ƙarar da gidan harsashi biyu ko uku a jere sai ka nemi safar hannu. Ko ba a yi harbi ba, ka bar baƙin alminiyam a bayan mota a watan Afrilu ka dawo ka kama, za ka tuna da ni. Mai layi huɗu da murfin roba ya fi jinkirin kai zafi ga hannu. Ana sayar da murfin M-LOK ma, kuma ni a wurina ba ado ba ne, a sa shi cikin lissafi tun farko. Katakon AK da ake rainawa, a rana ya fi su duka daɗin kamawa, ko da yake in aka matsa masa da harbi ba ƙaƙƙautawa yakan yi hayaƙi har ya kama wuta.

Na biyu ƙura. Hazon hunturu yana shiga ramukan M-LOK ya kwanta a kan bututu, amma buroshi da tsumma sun isa. Laka ta damina ta fi son haƙoran Picatinny, in ta bushe a ciki sai da tsinke, kuma madubin da aka ɗaura a kan rami mai datti bai zauna daidai ba ko da ya yi kamar ya zauna.

Na uku, wanda ya fi cin mutane, noti. Kayan M-LOK duk da alanki ake ɗaure su, kuma na Amurka da awon inci suke zuwa, alhali abin da za ka fi samu a kasuwar Sabon Gari na milimita ne. Ya yi kamar ya shiga, ka murɗa, ya cinye kan noti. Na ga an yi haka da tocilar wani kofur ana saura awa biyu a fita sintiri, ƙarshe da salatif aka naɗe ta. Magpul ya faɗi ƙarfin ɗauri: inci-fam 35 in ƙarfe ne a kan ƙarfe, 15 in akwai roba a ciki. A ɗiga maganin hana noti kwancewa, a ja layin fenti daga kan noti zuwa jikin ƙarfe, duk safiya kallo ɗaya zai nuna ko ya motsa. A kuma leƙa ciki, kada dogon noti ya taɓa bututu ko mazaunin iska, don in ya taɓa, shawagin da aka biya kuɗi dominsa ya tashi a banza. Picatinny bai da wannan yawan shiririta, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga kurtun da ya fito jiya.

Sai maganar abin da ke cikin ma'ajiya. Idan tocilolin rukuni da ƙotocinsa duk na Picatinny ne, ba a rasa komai ba, domin ana ɗaura guntun layin Picatinny mai rami uku ko biyar a jikin M-LOK a duk inda ake so. Akasin haka kuwa, a ɗora M-LOK a kan Picatinny, kauri ne a kan kauri. Wannan ne ya sa na karkata ga M-LOK mai Picatinny a sama. Inda zan zaɓi mai layi huɗu shi ne bindigar da ke yawo hannu zuwa hannu, yau a ɗaura wannan gobe a cire, ko wadda za ta ɗauki abu mai nauyi a ƙasa.

Duk wannan lissafin inci na dangin AR ne, kuma na tuna wa yaron cewa mafi yawan abin da ke hannun mutanenmu dangin Kalashnikov ne, wato AK, har da OBJ-006 da masana'antar DICON ta Kaduna ke ƙerawa. Mariƙin AK gajere ne tun asali, ɓarin sama yana zaune a kan bututun iska, na ƙasa wani zobe ke riƙe shi. Ɓarin saman nan ana cire shi duk sanda za a share bindiga, yana ɗan motsi, kuma yana zafi sosai; madubi a kansa sai wanda aka ƙera don haka. Murfin bayan ma yana rawa. Wurin da Rashawa suka tanada wa madubi shi ne layin da ke gefen hagu na jikin bindiga, a kan waɗanda suke da shi. Ga AK, sau da yawa mariƙin ƙasa mai 'yan ramuka na tocila da igiya ya gama aiki. Ƙoƙarin mayar da ita M4 yana ƙara mata kilo, ba ya ƙara mata saiti.

Mafarauci ko ɗan wasan harbi mai lasisi, kai taka matsalar daban ce. Bindigar iska galibi da siririn layi mai milimita 11 take zuwa, kuma mai sifirin tana dukan gaba da baya, madubi yana zamewa a hankali sai an sa ƙusar tsayarwa. Tsofaffin bindigogin farauta da yawa layin Weaver ne da su. Ya yi kama da Picatinny kamar an tsaga kara, amma raminsa milimita 4.57 ne, don haka kayan Weaver sukan hau Picatinny, na Picatinny kuwa sau da yawa su ƙi shiga Weaver. A auna kafin a biya. Masu harbin nesa kuma sun aro layin Arca daga masu ɗaukar hoto, don ƙafafu su riƙa zamewa gaba da baya ba tare da kwance noti ba. In ba ka ɗora bindiga a kan ƙafa uku irin na kyamara, ba ruwanka da shi.

Jabu kuwa ya cika intanet. Akwai mariƙai da tocilolin da aka yi don bindigar wasa mai harba ƙwallon roba, da tambarin manyan kamfanoni a jiki. Raminsu ba ya cika awo, ƙarfensu laushi, harbi ashirin ya warware su. In farashi ya yi daɗi fiye da kima, mai kula da makamai ya sa ma'auni a ramin kafin a sa hannu a takarda.

Da la'asar ta yi, laftanar ya ciro biro ya juya bayan wata takarda. Ya rubuta inci 12 zuwa 13, mai shawagi, Picatinny a sama, M-LOK a gefe da ƙasa, da murfin roba, da alanki na inci guda biyu ga kowane sashe. A ƙarƙashi ya rubuta tocila da igiyar rataya, ya tsaya yana kallon hoton nan na waya.

"Kawu, ƙafafun fa?"

Na ce mutum nawa ne a cikin yaransa ke kwanciya su yi harbin mita 400.

Ya ce biyu.

Ya rubuta biyu, ya ninke takardar ya sa a aljihu, muka tashi alwala.